Takobi Mai Ƙamshin Kanumfari

Vénissieux, 5 ga Satumba 1988

Zuwa ga bawana Maazou,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Sahadatou da yara. Yaya kasuwa, yaya kuma tuwon Saint-Denis da ya mantar da kai kana da dangi a Lyon? Mu nan jiki lafiya, alhamdu lillahi, sai dai abin da zan faɗa maka.

Ɗan Juma ya biyo ta nan da kayan atamfarsa, ya ce wai Japan za ka tafi sayen kayan babur. Na yi dariya har na ƙoshi. Kai da a jirgin metro ma sai ka wuce tasharka kana tunanin da ba ya ƙarewa, wa zai nemo mana kai a can? Allah dai ya kai ka lafiya, ya dawo da kai.

Yanzu ka saurare ni, taubashi, na ajiye wasa. Maganar Kawunka Hassoumi ce. Tun rasuwar Inna bara, ga kuma izin ɗin nan, wato gidan narka ƙarfen da ya yi wa aiki shekara da shekaru ya sallame su, Baba ya zama wani iri. Yana tashi ya yi salla, ya ja kujera bakin taga, ya zauna har la'asar yana kallon hayaƙin da ke tashi can nesa. Abinci sai na tsaya a kansa. Likita ya auna shi, ya ce bai ga ciwo ba. Tarho ma ya sa an yanke, wai shi ne ya kawo masa labarin rasuwar Inna daga asibiti, don haka kada ka wahalar da kanka da kira.

Makon jiya ya raba manyan rigunansa a masallaci. Sannan ya ɗauko gudumar mahaifinsa, wadda ya taho da ita daga Damagaram, ya naɗe ta a tsumma, ya ce duk wanda za shi gida in ba shi ya mayar maƙerar gidanmu. Na ce, Baba, ka bari mu kai da kanmu baɗi. Ya ce, “Rékia, ni ban ga kaina a bayan ɗarin bana ba.” Ya faɗa ne kamar mai cewa gishiri ya ƙare.

Ina jin tsoro, Maazou. Ba ni da wanda zan gaya wa haka sai kai.

Uwargijiyarka,
Rékia

*

Saint-Denis, 9 ga Oktoba 1988

Zuwa ga Rékia, wadda ta naɗa kanta uwargijiya ba da shaidu ba,

Ina amsa gaisuwa, ina kuma gai da Kawu da kyau, ki durƙusa masa a madadina. Na dawo lafiya, ban ɓace ba sai sau ɗaya, kuma wannan ɓatan shi ne labarin. Takardarki ta same ni ana gobe zan tashi, na tafi da ita a aljihu, ta yi mini nauyi duk tsawon hanya.

Da muka gama cinikin kayan babur a Osaka, tafintan da aka haɗa ni da shi, wani mutum mai jin faransanci, ya kai ni Kyoto in ga gari. Aka tsuge da ruwa, muka fake a ƙofar wani kanti a cikin lungu. Ban san abin da ake sayarwa ba. Abin da ya ja ni ciki ƙamshi ne. Kanumfari, Rékia. Irin wanda Inna Hassia ke shiryawa a zare ta rataya a wuya, in ta sunkuyo ta ajiye maka kwano sai ka ji shi. Na tsaya a ƙarshen duniya da jiƙaƙƙen takalmi ina jin kamar za ta leƙo daga bayan labule ta ce in wanke hannu.

Ashe mai kantin takubba yake sayarwa, kuma da man kanumfari suke shafe su don kada su yi tsatsa. Tsoho ne ƙarami, kansa fari fat. Ya zaunar da mu a tabarma, ya ɗauko wani gajeren takobi mai ɗan lanƙwasa, ya sunkuyar masa da kai kafin ya zare shi. Ya riƙe shi da tsumma, ya juya shi a hankali wajen fitila. Da farko ƙarfe kawai na gani. Sai wani farin layi ya fito a gefen kaifin, yana hawa yana sauka tun daga ƙota har tsini, kamar sawun da ruwa ke bari a yashi idan tafki ya janye. In ya karkata hannunsa layin ya ɓace, in ya dawo da shi ya sake fitowa. Ruwa na zuba a waje, ni kuwa ban san iya lokacin da na ɗauka ina kallo ba.

Kin san wa na tuna? Kawu a unguwar Birni a Damagaram, idan ya gama ƙera ruwan garma, yadda yake ɗaga shi wajen haske ya rufe ido ɗaya. Hannun tsohon nan da nasa iri ɗaya ne. A nan na ce wa tafinta, wannan na kawuna ne.

Ba a ba ni shi nan take ba. Sai hukumarsu ta ba da takardar cewa ba ya cikin kayan tarihin da aka hana fita da su, sannan a aiko mini ta jirgi, in je in fafata da duwan, wato kwastan ɗin nan. Kada ki gaya wa Kawu. Tsaraba ce, ina so ya buɗe da hannunsa.

Naki, ɗa ba bawa ba,
Maazou

*

Vénissieux, 16 ga Oktoba 1988

Maazou,

Gaisuwa da fatan alheri. Baba yana nan yadda ka sani, ya ƙara ramewa.

Mutane suna zuwa Japan su dawo da rediyo, kai ka dawo da labarin tafki. Na ce maka mutum ba ya son rayuwa, sai ka saya masa takobi.  Amma na sake karanta wurin kanumfarin, na shiga kicin na yi kukana, na fito. Ka aiko shi. Ban yarda akwai wani ruwa a jikin ƙarfe ba, na san ka tun muna yara, kai ne ka ce ka ga raƙumi a cikin wata. Amma ba ni da wata dabara da ta fi taka.

Rékia

*

Saint-Denis, 2 ga Nuwamba 1988

Rékia,

Bayan gaisuwa, ina sanar da ke baƙonmu ya iso. Ma'aikacin duwan ya juya takardun, ya juya ni, ya tambaye ni ko yaƙi zan yi, daga baya ya sake mu. Sahadatou ta ce kada ya daɗe mata a gida da yara, don haka Ɗan Juma zai kawo muku shi mako mai zuwa. Na aiko wannan takarda gaba don ki karanta wa Kawu kafin ya zare shi. Abin da tsohon ya ce ne, ya sa tafinta ya maimaita mini har na haddace.

Kada a taɓa jikin takobin da yatsa. Kada a wasa shi, kada a goge shi da komai sai tsumma mai laushi da ɗigon man da ke cikin ƴar kwalbar. Farin layin nan da na ba ki labari, masu gogewa na musamman ne ke fito da shi da duwatsu masu laushi, aikin makonni, kuma dutse mai kaushi zai rufe shi a yini guda.

Babba a ciki shi ne wannan. Idan aka cire ɗan tsinken da ke riƙe ƙota, za a ga gindin ƙarfen da ke ɓoye a ciki baƙi ƙirin da tsatsa, ga sunan maƙerin a sassaƙe. Wannan tsatsar ba a taɓa ta. A wurinsu ita ce shekarun takobin, da ita ake sanin zamanin da aka ƙera shi. Tsohon ya ce ta wannan ta fara taruwa tun kafin a haifi kakan kakansa, kuma duk wanda ya riƙe takobin ya bar ta ya wuce. Na yi ta tunanin haka a jirgi, mutane bayan mutane suna miƙa wa juna abu, kowa aikinsa ya ƙyale.

Ki rubuto mini yadda fuskarsa ta yi.

Maazou

*

Vénissieux, 14 ga Nuwamba 1988

Bawan kirki,

Yau kam na ƴanta ka. Ina gaishe ka, ina gai da Sahadatou, Allah ya yi muku albarka. Ɗan Juma zan ba wannan ya kawo maka da hannu, don ka san masu jigilar wasiƙu suna yajin aiki, ko takarda ɗaya ba ta shigo akwatinmu ba. Ya ce ka rubuto wani bayani, to bai zo ba. In gaisuwa ce mun amsa.

Maazou, Baba ya tashi. Ranar da aka kawo akwatin, ko juyowa bai yi ba, sai da na buɗe ƙamshin ya cika ɗakin. Ya ɗago kai yana neman inda yake fitowa, na san wa yake nema. Na ɗora masa takobin a cinya. Ya zare, ya gwada kaifin da babban yatsa, ya ƙwanƙwasa da farce ya kai kunne. Ya ce, “Wanda ya yi wannan ya san wuta.” Rabon da in ji muryarsa haka tun Inna na da rai.

Tafkinka kuwa na duba ban gan shi ba. Wani farin hazo dai na gani a gefen kaifi, Baba ya ce daɗewar ajiya ce ta dusashe shi. Kafin in dawo daga aiki washegari ya gano yadda ake cire ƙotar. Na iske shi yana faɗa shi kaɗai, wai wane irin mutane ne za su sayar wa yaro ƙarfe mai kyau haka da tsatsa a gindi, an ga baƙo ne an cuce shi. Ka san shi, a gidanmu tsatsa a jikin ƙarfe abin kunya ne, ko wuƙar albasa ba ta kwana da jiƙa.

Ya kwance gudumar da ya naɗe, ya fito da magagarinsa da dutsen wasa wuƙa, ya aike ni in sayo takardar nan mai yashi ta goge ƙarfe. Ya kafa maƙera a baranda, cikin sanyin nan, da hular ulu. Ya kankare gindin tas, yanzu fari ne kamar cokali, rubutun ma ya kusa shafewa. Jikin kuma ya goge shi daga sama har ƙasa, hazon nan duk ya tafi. Ya ce in gaya maka ya fitar da kai kunya.

Jiya ya cinye tuwo ya nemi ƙari. Yana aiki yana ƴar waƙar zuga ta maƙera. Na tsaya bayan ƙofa ina saurare, ban so ya gan ni.

Rékia

*

Saint-Denis, 18 ga Nuwamba 1988

Rékia,

Ina gaishe ku. Na ji Kawu yana cin abinci, na gode wa Allah, kuma da gaske nake.

Ba zan ɓoye miki ba, da na karanta takardarki sai na rufe kanti na fita. Na yi ta tafiya a bakin ruwan kanal har ƙafata ta gaji. Raina ya ɓaci, kuma ban san da wa zan yi fushi ba. Layin nan ba mafarkina ba ne, Rékia, shi ne abin da na sayo. Tsatsar kuma ba cuta ba ce. Duk na rubuta a takardar da ta maƙale a hanya. Da na sa ta cikin akwatin da ba haka ba, amma ni mai wayo sai na aika ta gaba.

Abu ɗaya nake roƙonki. Idan takardata ta 2 ga wata ta iso, kada ki karanta masa. Ki jefa ta a shara. Mutumin da bai taɓa ɓata aikin kowa ba, idan ya ji ya ɓata na wani maƙeri, ina tsoron ya koma bakin taga, kuma wannan karon ba zai taso ba. Ki ce masa na gode, aiki ya yi kyau. An ce yajin ya fara sassautawa, Allah ya sa wannan ta riga waccan.

Maazou

*

Vénissieux, 28 ga Nuwamba 1988

Maazou,

Gaisuwa. Ba ta riga ta ba.

Tsohuwar takardar ce ta fara zuwa, ranar Alhamis da safe. Baba da kansa ya sauka ya ɗauko ta, shi da ya daɗe bai taka ƙasa ba. Ya miƙo mini yana murmushi, ya ce karanta mu ji abin da ɗan ƙanwata ya ce. Ni kuma na kama karatu da ƙarfi har da kwaikwayon muryarka. Sai da na kai wurin kada a wasa shi na dakata da karatun.  Ya ce, “Ci gaba.” Na ce sauran gaisuwa ce. Ya ce, “Rékia, ban haife ki don ki yi mini ƙarya ba.” Na karanta har ƙarshe.

Ya sa na maimaita wurin tsatsar. Sannan ya ce, “Tun kafin kakan kakanshi. Ni kau tsakanin azahar da la'asar.”  Ya mayar da takobin kube, ya naɗe gudumar a tsummanta, ya ja kujera bakin taga.

Taka ta biyun ta zo ranar Asabar, na karanta a tsaye a bakin akwatin wasiƙu. Ni ce da laifi kamar kowa. Ka gaya mini akwai layin, na ɗauka irin zancenka ne. Na gan shi da idona na kira shi hazo.

Ya koma cin loma biyu. Takobin yana kan cinyarsa duk yini, ba ya zarewa. Idan kana da hali ka zo.

Rékia

*

Vénissieux, 8 ga Janairu 1989

Daga Hassoumi maƙeri zuwa ga ɗana Maazou. Rékia ce ke rubutawa, na ce ta sa yadda na faɗa.

Ina gaishe ka, ina gai da iyalinka, Allah shi yi muku albarka. Na ji ka so zuwa, rashin lahiyar ƙaraminku ta tsare ka. Allah shi ba shi sauƙi, ka zauna wurinshi.

Ka kawo mini tsaraba na ɓata. Ba zan ce ban ɓata ba. Mu a wurinmu, mai barin tsatsa malalaci ne, haka ubana ya koya mini da bulala. Ban san akwai ƙasar da barin ta shi ne ladabi ba. Tsatsar nan ba ta dawowa a zamanina ko naka. Na shafa ma gindin mai kaɗan, na rufe, na bar shi ya fara tara wata. Jikokinka su gani.

Na daɗe ina riƙe da takobin ina jin kunyar mutumin da ya yi shi. Sai na tuna ka ce masu gogewa ne ke fito da layin. In fito da shi ake yi, ashe yana ciki. Abin da wuta ta sa a cikin ƙarfe, ban isa in share shi da takardar yashi ba, rufe shi kawai na yi. Na tafi wurin Issa mai aski na ari dutsen askarshi, mai laushin nan. Ina ɗiga ruwa ina gogawa a hankali, wuri ɗaya, kusa da ƙota. Ranar Juma'a da hantsi na kai shi bakin taga na karkata. Maazou, na ga ruwanka. Bai kai faɗin farce ba, kuma bai yi hasken da ka gani ba, amma yana hawa yana sauka.

Ka rubuta ma tsohon nan mai kanti. Ka gaya mishi gaskiyar abin da ya faru, ka ce wani maƙeri ya yi kuskure yana neman gafara. Ka tambaye shi sunan da ke gindin, don ba ya karantuwa sosai yanzu, ina so in san wanda nake ma aiki. Ka roƙe shi duwatsu masu laushi irin nasu, da bayanin wanda ake farawa da shi. Wannan karon ka sa takardar a cikin akwatin.

Na ce ma Rékia ta kai ni wurin likitan ido, ina bukatar tabarau. Gudumar kuma kada a kai gida tukuna.

Kada ka yi gaggawar zuwa ganin shi. A yadda nake tafiya, gefe ɗaya zai ci mini bana da baɗi, kuma takobi gefe biyu gare shi.

Kawunka,
Hassoumi

Taubashi, ni ce. Na rubuta layin ƙarshen nan, na ce masa, Baba, wannan ai shekara huɗu ke nan. Ya ce in na ga ya yi yawa in je in ɗora abinci, yunwa yake ji. Na tafi.

Rékia